Ledar gyaɗa da lissafin ambato: yaya ake auna aikin André Briend?

A 'yan shekarun nan, idan gardama ta kaure tsakanin ɗaliban Jami'ar André Salifou da ke Zinder a kan wane masani ne ya fi wani, ba a jimawa sai ɗaya daga cikinsu ya zaro waya ya buɗe Google Scholar, ya nuna lambobin da ke gefen sunan mutumin, wato sau nawa aka ambaci rubuce-rubucensa, kuma nawa ne ma'auninsa na h. Wanda lambarsa ta fi girma shi ne gwani, magana ta ƙare. Su ma malaman da ke shirya takardun neman ƙarin girma a gaban kwamitocin CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska da aka kafa a Yamai a 1968 wadda cibiyarta ke Wagadugu, sun san cewa mujallar da aka buga maƙala a cikinta da irin karɓuwar da maƙalar ta samu suna da nauyi a wajen masu tantancewa. Saboda haka ya kamata a san abin da waɗannan lambobi suke aunawa da abin da ya fi ƙarfinsu. A wajen mutumin Damagaram kuwa, babu wanda ya fi dacewa a gwada su a kansa kamar André Briend, likitan nan ɗan ƙasar Faransa mai bincike a kan abincin yara, wanda mafi yawan iyaye mata na wannan jiha ba su taɓa jin sunansa ba, alhali aikinsa, wato ledar gyaɗa da ake ba yara masu tamowa, ya daɗe da shiga gidajensu.

Ambato a wajen masu bincike abu ne mai sauƙin ganewa ga duk wanda ya zauna a zauren malami ya ji yadda ake karanta isnadin hadisi, wane daga wane daga wane. Mai rubuta maƙala ba ya faɗin magana haka kawai, sai ya nuna wanda ya riga shi gano ta, ya kuma jera sunayen a ƙarshen rubutunsa. Eugene Garfield, wani Ba'amurke, shi ne ya kawo shawara a 1955 cewa a tattara waɗannan jerin sunaye a wuri guda, ta yadda za a iya bin sawun kowace maƙala a ga waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya, kuma a 1964 ya fitar da kundin farko na wannan lissafi. Manufarsa tun asali ita ce sauƙaƙa wa mai bincike neman abin karantawa, amma da yake lamba tana da daɗin kwatantawa, sai jami'o'i da masu ba da kuɗin bincike suka mai da ita ma'aunin daraja. A 2004 aka buɗe rumbunan ƙirga ambato na Scopus da Google Scholar, a 2005 kuma wani masanin kimiyyar fiziya mai suna Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin h.

Lissafin h ba shi da wuya. A jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa wadda aka fi mantawa da ita, sannan a nemi inda lambar jerin ta haɗu da yawan ambato. Alal misali, mai maƙala bakwai da aka ambata sau 50, 18, 9, 6, 5, 3 da 1, ma'auninsa 5 ne, domin yana da maƙala biyar da kowace aka ambace ta aƙalla sau biyar. Ko da ta farkon za ta kai ambato dubu goma, ma'aunin ba zai motsa daga 5 ba, haka kuma ko da mutumin zai ajiye aiki gobe, ba zai ragu ba. Wannan ya sa ma'aunin yake fifita dattijo a kan matashi, yake kuma fifita mai yawan rubutu a kan wanda ya yi abu ɗaya babba. Ga kuma wata matsala: mutum ɗaya yana da lamba daban a kowane rumbu, domin Google Scholar yana ƙirga kundin digiri da rahotannin ƙungiyoyi da surorin littattafai, yayin da Scopus da Web of Science suke tsayawa galibi a kan mujallun da suka zaɓa, waɗanda mafi yawansu na Ingilishi ne. Mai bincike da ya buga aikinsa da Faransanci a mujallar wata jami'ar Afirka ta Yamma yana iya zama kamar bai taɓa rubuta komai ba a idon waɗannan rumbuna biyu.

Da mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu ɗari da aka fi ambata a tarihi a 2014, wadda ta zo ta ɗaya ba ta gano maganin wata cuta ba. Maƙala ce ta 1951 da Oliver Lowry da abokan aikinsa suka rubuta a kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, kuma an ambace ta fiye da sau 300,000. Dalili shi ne duk wanda ya yi amfani da dabarar a ɗakin gwaji dole ya faɗi inda ya samo ta. Haka abin yake a fannin abinci mai gina jiki: maƙalun da suka fi tara ambato su ne masu taƙaita ilimin da ake da shi, irin jerin da mujallar Lancet ta buga a 2008 da 2013 ƙarƙashin jagorancin Robert Black, inda aka ƙiyasta a na biyun cewa kashi 45 cikin ɗari na mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar yana da nasaba da ƙarancin abinci mai gina jiki. Kusan duk ɗalibin da ya rubuta kundi a kan tamowa da wannan jimla yake buɗe gabatarwarsa. Ambato, ashe, yana nuna yawan buƙatar da marubuta suke da ita ga maƙala, kuma buƙatar marubuci ba lallai ta zama buƙatar majiyyaci ba.

Domin a gane abin da Briend ya kawo, sai an san halin da ake ciki kafin zuwansa. A 1996 Claire Schofield da Ann Ashworth sun bi rahotannin asibitoci na kusan shekara hamsin, suka tarar cewa a tsaka-tsaki kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na yaran da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani suna mutuwa, kuma adadin bai sauya ba tun daga shekarun 1950. Babban dalilin yana cikin jikin yaron ne. Idan yunwa ta daɗe, jiki yakan rage duk wani aiki da ke cin ƙarfi: zuciya ta rage bugu, hanta da ƙoda su yi sanyi, ɗumin jiki ya sauka, ƙananan famfunan da ke bangon kowace ƙwayar halitta, masu fitar da sodiyam su shigar da fotasiyam, su ma su ragwargwaje, har gishiri ya taru a cikin ƙwayoyin, fotasiyam kuma ya zube. Yaron da ke cikin wannan hali, idan aka ɗura masa ruwa ta jijiya kamar yadda ake yi wa mai gudawa, zuciyarsa tana iya gazawa. Idan aka cika shi da furotin tun ranar farko, hantarsa ba za ta iya ba. Idan aka ba shi sinadarin ƙarfe da wuri saboda ana ganin ba shi da jini, ƙwayoyin cuta ne za su fara amfana. Sau da yawa kuma cuta tana cin sa ba tare da zazzaɓi ya nuna ba. Tausayi marar ilimi ya kashe yara da dama a gadon asibiti.

Michael Golden, wanda ya yi shekaru yana bincike a Jamaika, yana cikin waɗanda suka warware wannan ƙulli, kuma daga aikinsa aka samo madara iri biyu da har yau ake damawa a CRENI, sashen asibiti da ake kwantar da masu tamowa mai tsanani: F-75, mai kilokalori 75 a kowace mililita 100, wadda ake farfaɗo da jiki da ita a hankali, da F-100, wadda ake ba yaro bayan ya dawo hayyacinsa domin ya yi ƙiba. Madarar ta yi aiki, amma tana da sharaɗi mai tsauri. Gari ce da sai an dama ta da ruwa mai tsabta, kuma da zarar an dama, cikin 'yan sa'o'i a zafi irin namu ta zama gonar ƙwayoyin cuta, don haka ba a iya ba uwa ta tafi da ita gida. Dole uwa ta tare a asibiti kusan wata guda, ta bar sauran 'ya'yanta da gonarta, galibi kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka ƙare, noma ya kankama, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. Duk wanda ya san ƙauyukan Magarya ko Kance ya san cewa uwa kaɗan ce za ta iya wannan zama.

Briend ya yi aiki da cibiyar binciken Faransa da ake kira ORSTOM, wadda daga baya ta koma IRD, ya zauna a Senigal da Bangaladash. Gudummawarsa ta farko mai nauyi ba ta shafi abinci ba, ta shafi awo. A 1987 shi da abokan aikinsa biyu suka buga a Lancet sakamakon bin diddigin yara a karkarar Bangaladash, inda suka nuna cewa kaurin damtsen yaro yana nuna wanda ke cikin haɗarin mutuwa nan kusa, ba tare da an nemi sikeli ko allon awon tsayi ko takardar lissafi ba. Ba shi ya ƙirƙiro zaren awon damtse ba, an san shi tun shekarun 1970, amma shi ya ɗaure awon da abin da ya fi komai muhimmanci, wato wa zai mutu idan ba a yi komai ba. Hikimar a fili take: damtse tsoka ce da ɗan kitse, su ne kuma ajiyar da jiki ke ci idan abinci ya yanke.

Ta biyu ita ce ledar da kowa ya sani. Tambayar da ya sa a gaba ita ce yadda za a samu duk abin da ke cikin F-100 ba tare da ruwa ba. An fara gwada shi a siffar sandar cakulan, sai ya narke a zafi, ɗanɗanonsa kuma ya ɓaci da aka zuba sinadaran. Labarin da aka fi bayarwa shi ne kwalbar Nutella, cakulan da ake shafawa a burodi, ita ce ta ba shi dabarar mai da shi abin lasa. A 1996, tare da Michel Lescanne mai kamfanin Nutriset da ke Normandi, aka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da man girki da bitamin da ma'adinai, aka sa masa suna Plumpy'Nut. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kilokalori 500. Sirrin yana cikin rashin ruwa: danshin da ke ciki bai wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba, ƙwayoyin cuta kuwa ba sa hayayyafa inda babu ruwa, shi ya sa ledar take iya shekara biyu a rufe ba tare da firiji ba, yaro kuma yana iya tsotsa da kansa ba a hura wuta ba, ba a nemi cokali ba. Maiƙon yana kuma lulluɓe ma'adinan, ya ɓoye ɗacinsu.

Abin lura ga mai ƙirga ambato shi ne cewa rahoton farko na wannan ƙirƙira ba doguwar maƙala ba ce. 'Yar gajeriyar wasiƙar bincike ce mai shafi biyu a Lancet ta 1999, a kan gwajin da aka yi a Cadi, kuma a cikin waɗanda suka sa hannu akwai Golden da Yvonne Grellety, sunaye biyu da za mu sake haɗuwa da su. A 2003 aka buga gwajin Dakar, wanda masu bincike 'yan Senigal, El Hadji Issakha Diop da Salimata Wade, suka jagoranta tare da Briend, inda yaran da suka ci ledar suka ƙara kimanin giram 15 a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, masu shan F-100 kuma kimanin giram 10. A Malawi Mark Manary ya gwada jinya a gida, kuma maƙalarsu ta 2005 ta nuna kashi 79 cikin ɗari sun warke a gida, kashi 46 kacal a tsohon tsari. Steve Collins kuwa ya tsara yadda za a kai jinyar cikin al'umma, ya fara a Habasha a 2000. Babu ɗayansu da zai iya shi kaɗai, amma babu wanda zai iya ba tare da ledar ba.

Nijar ce ta mai da waɗannan ƙananan gwaje-gwaje hujjar da ba a iya musantawa. Bayan ƙarancin ruwan sama da farin ɗango na 2004, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo a 2005, kuma a shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maraɗi, akasarinsu kuma a gidajen iyayensu, inda sama da kashi 90 cikin ɗari suka warke a babban shirin Maraɗin. Ba a taɓa yin irin wannan ba a ko'ina. A nan Damagaram ma a shekarar ce aka buɗe cibiyoyi a Zinder da Magarya, a Yamai kuma kamfanin STA ya fara haɗa ledar a cikin ƙasa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Shirin Abinci na Duniya da kwamitin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta amince da jinyar tamowa a gida, a lokacin kuwa Briend yana aiki a hukumar lafiyar a Jeneba. A 2009 aka ɗaga iyakar awon damtse daga milimita 110 zuwa 115.

Abin da ake gani yau ke nan a CRENAS, sashen jinyar tamowa ba tare da kwantarwa ba da ke cikin CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya. Ma'aikaciyar lafiya tana naɗa zaren awon, wanda suke ce wa PB, a tsakiyar damtsen hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta duba 'yar tagar da lamba ke fitowa: ja ƙasa da 115, rawaya daga 115 zuwa ƙasa da 125, kore daga nan zuwa sama. Ta danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron na daƙiƙa uku ta ga ko rami zai zauna, alamar kumburi. Sannan a wanke wa yaron hannu, a yage bakin leda, a zaunar da uwar a gefe cikin natsuwa da kofin ruwa, a ga ko zai ci. Idan ya ci kuma ba shi da wata cuta mai nauyi, a ba uwar rabon mako guda ta koma gida. Idan ya kau da kai ya ƙi, wannan ƙin cin alama ce cewa cikin jikin ya rikice, sai a tura shi CRENI a fara da F-75.

A duk wannan aiki babu inda ake ambatar wasiƙar 1999. Takardar ƙa'idar ƙasa tana dogara ne da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗalibin da ke rubuta kundi yana ambatar sanarwar 2007, ma'aikaciyar CSI kuma ba ta ambatar kowa, domin rajista take cikewa ba maƙala ba. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura da wannan hali, cewa idan ilimi ya karɓu sarai sai a daina faɗin mai shi, ya zama na kowa. A ganina wannan shi ne babban giɓin lissafin ambato a fannin lafiyar al'umma: ambato yana ƙaruwa muddin ana gardama a kan abu, yana kuma raguwa daga ranar da abin ya shiga ƙa'ida ya zama aikin yau da kullum. Ba wai Briend ya rasa ambato ba ne, yana da maƙalu masu yawa da ake kafa hujja da su, daga ciki har da aikinsa da Nicole Darmon da Elaine Ferguson a farkon shekarun 2000 a kan dabarar lissafi da ke nemo haɗin abinci mafi araha da zai cika buƙatar yaro daga abin da ke kasuwar garinsu. Amma ko nawa lambar ta kai, ba ta ɗauke da miliyoyin ledojin da ake rabawa kowace shekara.

Akwai wani sashe na aikinsa da aka yi a ƙofar gidanmu. A gundumar Mirya, ƙungiyar ALIMA da takwararta ta Nijar, BEFEN, sun gwada wata tambaya da ma'aikatan lafiya da yawa suka raina da farko: shin uwar da ba ta yi lakwal ba za ta iya auna damtsen ɗanta daidai? Ƙaramin gwajin da aka buga a 2015 ya nuna tana iyawa kamar wakilin lafiya na ƙauye. A 2016 aka buga babban gwajin, wanda aka kwatanta yankin Dogo da na Takeita a cikinsa: a ɗaya an koyar da iyaye mata da masu reno fiye da 12,000, a ɗayan kuma wakilan lafiya ne ke zagayawa suna awo. Inda uwaye ke awo, yaran sun riƙa zuwa tun ciwon bai yi nisa ba, waɗanda aka kwantar sun fi kaɗan, kuɗin da aka kashe ma ya fi ƙanƙanta. Sunan Briend yana cikin marubutan maƙalun biyu, an buga su a mujallar da ba ta kai Lancet suna ba, amma dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, musamman a 2020 da annobar korona ta hana wakilan lafiya tara jama'a.

Wannan gwaji yana tayar da tambayar da lissafin ambato bai damu da ita ba, wato wa ake rubuta wa ladan. Rumbunan suna ba kowane marubuci cikakken ambato, ko shi ne na farko a jeri ko na goma sha biyu, don haka lambar ba ta bambanta wanda ya tsara bincike da wanda ya gyara Ingilishinsa. A gwajin Mirya akwai 'yan Nijar a cikin marubuta, kuma hakan abin yabo ne, amma a binciken lafiya da ake yi a Afirka gaba ɗaya, abin da aka saba gani shi ne ɗan ƙasa ya tattara bayanai, sunan farko da na ƙarshe, waɗanda su ne masu daraja, su tafi ga jami'ar da ta kawo kuɗin. Merton yana da wata magana a kan wannan ma, tun 1968: wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara ambata ko da aikin na tarayya ne. Matashin mai bincike a Zinder da ya shiga irin wannan haɗin gwiwa, abin da ya fi masa amfani shi ne a yi maganar jerin sunaye da haƙƙinsa na amfani da bayanan tun kafin a fita daji, ba bayan an gama rubutu ba.

Lambar kuma ba ta san gaskiya da ƙarya ba. Brian Wansink na Jami'ar Cornell a Amurka ya kasance cikin waɗanda aka fi ambata a binciken halayyar cin abinci, har sai da aka bi lissafinsa, mujallun JAMA suka janye maƙalunsa shida a rana ɗaya a 2018, jami'ar ta same shi da saɓa ƙa'idar bincike, ya ajiye aiki. Ambaton da ya tara bai goge ba. Ba ta kuma san maslaha ba, kuma a nan adalci ya sa a faɗi abin da ake sukar tarihin ledar da shi: Nutriset da IRD sun yi rajistar mallakar ƙirƙirar, abin da ya jawo ƙorafi daga ƙungiyoyin agaji da ƙara a kotun Amurka a 2009, bisa zargin cewa hakan yana taƙaita masu haɗawa. Wasu masana kuma suna ganin an mai da hankali ga abin da ke cikin leda an bar tushen matsalar, wato talauci da ruwan sha da yaye da cututtuka. Ga tsadar madara, wadda ƙa'ida ta ce aƙalla rabin furotin ɗin ya fito daga gare ta, ga kuma gubar aflatoksin da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, wadda ke sa ba kowace gyaɗar kasuwa ce masana'anta za ta karɓa ba, ko da a jihar da ta yi suna wajen noman gyaɗa irin tamu. Saboda irin waɗannan dalilai ne masana suka fitar da sanarwar San Francisco a 2012 da ta Leiden a 2015, dukansu suna cewa lamba ta taimaka wa hukuncin masu karatu, kada ta maye gurbinsa.

Gardamar da ta fi zafi a wannan fanni a yau tsakanin tsofaffin abokan wasiƙar 1999 take. Tamowa mai tsanani ana gane ta ta hanya uku: kumburi, ko damtse ƙasa da milimita 115, ko nauyin da ya yi ƙasa sosai da abin da ya dace da tsayin yaro bisa ma'aunin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006. Matsalar ita ce hanya ta biyu da ta uku ba yara ɗaya suke kamawa ba. Zaren awo ya fi kama ƙanana da yara mata da waɗanda suka tsumbure, allon tsayi da sikeli kuma sun fi kama manya-manyan yara da maza. A 2016 Grellety da Golden suka tattara ɗimbin ƙididdiga daga ƙasashe da yawa, suka ce duk shirin da ya dogara da damtse kaɗai zai bar yara masu yawa a waje, kuma su ma suna mutuwa. Briend da wasu suka mayar da martani a shekarar, suka ce inda kuɗi da ma'aikata suka yi kaɗan, mai siririn damtse shi ne ya fi kusa da mutuwa, shi ya kamata a fara da shi, kuma zaren ne kaɗai awon da zai iya kai wa kowane gida. Kowane ɓangare yana ambatar ɗayan domin ya rushe hujjarsa, kowane ambato kuma yana ɗaga lambar wanda ake suka, ta yadda mai kallon Google Scholar ba zai taɓa gane wa ke da rinjaye ba.

Ga jihar Damagaram wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Bincike a Habasha ya nuna cewa siffar jiki tana shafar awon nauyi da tsayi, domin 'ya'yan makiyaya masu dogayen ƙafafu sukan faɗa ƙasa da iyaka fiye da 'ya'yan manoma ko da damtsensu bai nuna haka ba, mu kuwa muna da manoman kudu a Magarya da Dungas, muna da makiyayan arewa a Tanut da Tesker, duk ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya. Daga baya Briend da Mark Myatt da Tanya Khara sun karkata ga wata hanya ta tsakiya, bayan sun nuna cewa yaron da ya haɗa rama da tsumburewa shi ne ya fi kowa haɗari, kuma ana iya kama shi ta haɗa awon damtse da awon nauyi bisa shekaru, wanda dama ake yi a wajen awon jarirai. A Mirya an sake gudanar da gwaji a kan tsare-tsaren da aka sauƙaƙa, masu karɓar yaro da awon damtse su kuma rage yawan leda yayin da yake murmurewa. Sabuwar ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta riƙe hanyoyin ganewa guda uku duka, ta yarda a rage rabon leda bayan yaro ya fita daga matakin tsanani, ta kuma yarda wakilan lafiya na ƙauye da aka horar su yi jinyar da kansu. Saboda haka yaron da damtsensa ya nuna 118, a kan rawaya, amma nauyinsa ya yi ƙasa da iyakar tsayinsa, har yanzu ana rubuta shi a rajistar CRENAS, muddin CSI ɗin da aka kai shi yana da allo da sikeli masu aiki da wanda zai auna.